Tafarnuwa da Amanar Hunturu

Daga cikin al'amuran da Allah Maɗaukakin Sarki ya ajiye a cikin tsirrai, waɗanda hankali ba ya ƙosawa da yin tunani a kansu, akwai sha'anin tafarnuwa, wadda ba ta yarda ta yi 'ya'ya sai ta sha sanyi. Domin kuwa idan aka ɗauki ƙwayarta, musamman irin nan na ƙasashen arewacin duniya, aka binne ta a ƙasa mai ɗumi, aka wadata ta da ruwa da taki iyakar bukatarta, amma aka hana ta sanyin mako shida zuwa takwas, to, galibi abin da za a tono a ƙarshe dunƙule ne guda, mulmulalle, wanda bai rabu ƙwaya-ƙwaya ba. Manoman fadamun Wurno da Goronyo a ƙasar Sakkwato, da ma'abota lambunan Timiya da Tabelot a cikin duwatsun Azbin, sun san gefen wannan ilmi tun iyaye da kakanni, shi ya sa ba sa shuka tasu sai iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma suna tone ta kafin zafin bazara ya tsananta. Sai dai irin tamu, mai ƙananan ƙwayoyi da ƙarfin yaji, ta wadatu da ɗan sanyin asubahin Disamba da Janairu. Wadda nake so in yi waiwaye a kanta ita ce ta jihar Minesota, can arewacin Amurka a kan iyaka da Kanada, inda na shafe mafi yawan shekarun girmana ina riƙe da 'yan fangaloli a lambun unguwa, kuma inda tafarnuwa takan kwana wata huɗu ko biyar a cikin ƙasar da ta daskare ta koma tamkar dutse, sa'an nan ta fito da ranta.

Tsarin shekararta a can ya saɓa wa na dukkan sauran kayan lambu. A watan Oktoba, bayan raɓa mai daskarewa ta ƙone ganyen tumatir da na kabewa, lokacin da kowa ke tattara kayan aikinsa yana kai su ma'ajiya, a sa'an nan ne mai tafarnuwa yake fara nasa aikin: ya ɓare kawunan da ya ware don iri, ya zaɓi manyan ƙwayoyi ya bar ƙanana don miya, ya soka kowace a zurfin kamar yatsu uku, tsininta na duban sama, tsakaninta da 'yar'uwarta kamar taƙi guda, sa'an nan ya lulluɓe fangalin da karan alkama mai kauri. Abin da ake nema shi ne ta yi saiwa ba ta fid da ganye ba. Idan aka yi gaggawa ta tsiro sama, sanyi zai ƙone tsiron, ƙarfinta ya tafi a banza. Idan kuwa aka yi jinkiri har ƙasa ta rufe, ba za ta sami saiwar da za ta riƙe ta ba. Tsakanin gaggawa da jinkirin nan akwai taga ta mako biyu ko uku kacal, kuma dattawan da na tarar a lambun sun san ta da yaƙini, ba sa duba takarda, ba sa tambayar kowa.

Daga nan sai haƙuri. Birnin Miniyapolis yana kan digiri 45 ne arewa da tsakiyar duniya, alhali Kano tana kan 12. A ƙarshen Disamba yininsa bai cika awa tara ba, ƙasa kuma takan daskare zurfin da ya kusa mita guda, har doka ta wajabta wa magina su kai harsashin gida ƙasa da wannan iyaka. A ranar 2 ga Fabrairu, 1996, a wani ɗan ƙauye mai suna Tower da ke arewacin jihar, ma'auni ya sauka zuwa digiri 51 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, kuma har yau wannan ne mafi tsananin sanyin da aka rubuta a jihar. Mai karatu zai zaci irin wannan hunturu shi ne halakar abin da aka binne. Ba haka ba ne. Dusar ƙanƙara, idan ta sauka da wuri ta taru, bargo ce ga ƙasa: iskar da ke maƙale a tsakanin ƙwayoyinta tana tsare sanyin sama kada ya ratsa, ta yadda ko da numfashin mutum yana daskarewa a gemunsa, abin da ke ƙarƙashinta yana zaune cikin sanyi matsakaici wanda ba ya hawa ba ya sauka. A shekarar 1991, guguwar da ta fara a daren ƙarshe na Oktoba ta zubar da dusar da ta haura santimita 70 a kan tagwayen biranen Miniyapolis da Sen Fol. Mutanen gari sun sha wahala ƙwarai, motoci suka maƙale, makarantu suka rufe, amma wanda ya riga ya binne tafarnuwarsa bai yi baƙin ciki ba.

Ya kamata in faɗi cewa a zamanin da na fara saninsu, mutanen wannan jiha ba su ɗauki tafarnuwa da daraja ba. Mafi yawansu jikokin Jamusawa ne da mutanen Norwe da Suwidin, abincinsu madara da dankali da nama da kifi, kuma tsofaffinsu sun tashi suna jin cewa warin tafarnuwa alama ce ta baƙin haure matalauta daga Italiya da gabashin Turai. Abin da ake samu a kanti irin Kaliforniya ne, fari, mai laushin wuya, wanda ake nomawa a gefen garin Gilroy, garin da ya fara yi mata biki a shekarar 1979. Irin ne mai jure ajiya da doguwar tafiya, amma ba ya son hunturun arewa, kuma wanda ya jarraba shuka shi a can sau da yawa ƙananan kawuna yake samu, sai ya yanke hukuncin cewa ƙasarsu ba ta tafarnuwa ba ce. Ban ga laifinsu a kan ƙyamar warin ba, domin mu ma shari'armu ta san da shi: ya tabbata a hadisi cewa an umarci wanda ya ci ta ɗanya ya nisanci masallaci don kada ya cutar da masallata, malamai kuma suka bayyana cewa ba haramci ake nufi ba, ladabin zama da jama'a ne, dafawa tana gusar da illar. Abin da na ga kuskure ne a wurinsu shi ne hukuncin da suka yanke wa ƙasarsu, domin sun jarraba irin da ba nata ba.

Asalin tafarnuwa kuwa daga tsakiyar Asiya ne, daga gindin duwatsun Tiyan Shan da makwabtansu, ƙasashen da hunturunsu ke da tsanani, rani kuma da bushewa. Saboda haka irin da ya fi kusa da asali, mai ƙaƙƙarfan kara a tsakiya da ƙwayoyi manya jere a kewayensa, sanyi ne abincinsa. Wannan iri ya daɗe a hannun tsofaffin mata 'yan asalin Folan da Yukren da Rasha, suna gadar da shi a bayan gidajensu ba tare da wani ya kula ba. Abin da ya fito da shi fili abubuwa ne da suka haɗu a ɗan taƙin lokaci. A 1975 aka kafa wata ƙungiya ta masu adana tsofaffin iri, Seed Savers Exchange, wadda ta zauna a Dekora cikin jihar Ayowa, makwabciyarmu ta kudu. A cikin shekarun 1980 wani manomi a lardin Ontariyo na Kanada, mai suna Al Music, ya yaɗa irin da ya kawo daga Italiya, wanda har yau ake kiransa da sunansa, kuma shi ne mafi yawan abin da ke cikin fangalolinmu, ƙwaya huɗu zuwa shida a kai guda, kowace ta fi babban yatsa kauri. A 1989, da ƙofofin Tarayyar Sobiyet suka fara buɗewa, masana aikin gona na Amurka suka sami izinin shiga tsakiyar Asiya suka tattaro iri-iri daga mahaifarta. A 1991 wani manomi a jihar Washinton, Ron Engeland, ya wallafa littafi a kan nomanta wanda ya zama madogara ga ƙananan manoma. Sunayen da ba a taɓa ji ba suka shiga bakin mutane, kamar Chesnok Red wadda aka kawo daga ƙasar Jojiya, mai ɓawo da zane-zanen shunayya, wadda idan aka gasa ta take yin zaƙi.

Kasuwa ma ta taimaka ta hanyar da ba a zata ba. Ƙasar Sin ce ke noma kusan kashi uku cikin huɗu na tafarnuwar duniya, cibiyarta gundumar Jinshiyang a lardin Shandon, kuma da hajarta mai araha ta cika kantunan Amurka a farkon shekarun 1990, hukuma ta ɗora mata harajin da ya haura kashi 376 cikin ɗari a 1994 don kare manoman Kaliforniya. Harajin bai hana ta shigowa ba, amma gardamar ta sa masu saye suka fara tambayar daga ina abin da suke ci ya fito, wanda ya tambaya kuwa yakan ƙare a gaban teburin ƙaramin manomi. Tun daga 2006 ake yi wa tafarnuwa biki a Minesota kowane watan Agusta, yanzu a garin Hutchinson, inda jikokin waɗanda suka toshe hanci suke bin layi don sayen iri da tsada.

Amma ba don kasuwa ko biki zuciyata ta ɗamfaru da wannan tsiro ba; saboda abin da take yi ne a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. A wannan lokaci dusar ta fara narkewa, ta yi datti, tituna sun cika da taɓo da gishirin da aka watsa don narkar da ƙanƙara, itatuwa tsirara, babu ko ɗigon kore a duk inda ido ya kai, kuma mutum ya gaji gajiyar da ba ta jiki ba ce kaɗai. Sai ka je lambu, ka ɗaga karan alkamar da ya jiƙe ya yi nauyi, ka tarar da tsinin ganye ya huda ƙasar da rabinta har yanzu ƙanƙara ce, a jere kamar yadda ka binne su, babu wadda ta saɓa alkawari sai ɗaiɗaiku. Alƙur'ani mai girma ya maimaita kafa hujja da rayar da ƙasa bayan mutuwarta a kan tashin ƙiyama, mu kuma mutanen ƙasar Hausa mun fahimci wannan ta hanyar ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar ƙasa. A can arewa na ga wata fuska ta wannan aya, inda mutuwar ƙasa fara ce, ba ja ba, kuma mai shelar tashinta na farko shi ne wannan tsiro da ake raina wa wari. Ina faɗin haka da gaske: shekara ba ta taɓa zuwa ba da na ga wannan tsiro ban yi tasbihi ba.

Bayan fitowarta sauran aiki yake biyowa, kuma yana da ƙa'idoji da aka gada. Ba a taɓa ƙasa da fartanya sai an dunƙula ta a hannu an ga ta wargaje da kanta. Wanda ya yi haƙa tana jiƙe zai yi fama da hoge har kaka. Abin da ake fara shukawa shi ne mai jure sanyi: waken Turawa mai zaƙi da ake ci da kwasfarsa, latas, alayyafon Turawa, 'ya'yan albasa, kabeji, sa'an nan karas da dankali. Su tumatir da tattasai da attarugu kuwa, tun watan Maris ake yafa su cikin gida a ƙananan gwangwanaye, a ƙarƙashin fitila, ana lallaɓa su mako shida ko takwas, kuma al'adar da na tarar ita ce ba a dasa su waje sai ƙarshen Mayu, ranar hutun tunawa da sojojin da suka mutu, domin raɓa mai daskarewa takan yi kwanton ɓauna har tsakiyar watan. Wata tsohuwa 'yar asalin Suwidin da fangalinta ke maƙwabtaka da nawa, ba ta duban kalanda sam; tana lura da ranar da ƙanƙarar tabki ta watse, da ranar da wani itace mai furen shunayya da ke bakin shinge ya fid da ganye, da ranar da ya yi fure, kowace alama da abin da ake shukawa a bayanta. Ilmin hisabi ne nata, ba shi da bambanci a asali da na manominmu mai lissafin taurarin damina, kuma sharaɗin ingancinsa ɗaya ne, wato shekara ta riƙa maimaita kanta.

Mutanen lambun ma sun sake. Akwai lambun unguwa a kudancin Miniyapolis, mai suna Dowling, wanda aka buɗe a 1943 cikin Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin da hukuma ta kwaɗaitar da kowane gida ya noma abin miyarsa don a aika da na gonaki fagen fama, kuma har yau ana nomansa. Irin waɗannan lambuna a da galibi na Turawa ne. Daga tsakiyar shekarun 1970 'yan ƙabilar Hmong suka fara isowa, waɗanda yaƙin Laos ya raba da duwatsunsu, manoma ne na haƙiƙa, kuma cikin shekaru kaɗan suka cika kasuwannin manoma na Sen Fol da ganyaye da kabewa da barkonon da ba a san su ba a da. Ban taɓa ganin masu tattalin taƙin ƙasa kamarsu ba. A shekarun 1990 'yan'uwanmu Somaliyawa suka biyo, bayan rushewar hukuma a ƙasarsu. Duk wanda ya zo daga ƙasa mai zafi yana zuwa da irinsa a ƙulle, yana kuma shan darasi guda: kuɓewa da yakuwa sai da dabara da rarrashi, domin lokacin da babu daskarewa wata biyar ne ko ƙasa da haka, amma tafarnuwa tana karɓar kowa. Na ga dattijuwar Hmong da dattijon Somaliya, ba mai jin harshen wani, suna musayar kawunan iri ta kan shinge, kowa na nuna da yatsu zurfin da ya kamata a binne.

A watan Yuni, lokacin da yini ya haura awa goma sha biyar da rabi, tsawon ranar ne yake umartar tafarnuwa ta daina yin ganye ta fara tara abinci a ƙasa. A sa'an nan irin mai kara yake fid da wani dogon tsiro a tsakiya mai naɗewa, wanda ake katsewa don ƙarfin ya koma kan. A da zubar da shi ake yi, yanzu ana sayar da shi ɗauri-ɗauri ana soyawa. A cikin Yuli, idan kamar rabin ganyen ya bushe, sai a tone, domin kowane ganye kore da ya rage ɓawo guda ne da zai suturta kan a ma'ajiya. A rataye a inuwa mai iska mako uku ko huɗu, sa'an nan a ware mafi kyau don iri. A shekarun da azumi ya faɗo cikin wannan lokaci, kamar 2015 da Ramadan ya kama a tsakiyar Yuni, mun yi wannan aiki da baki a rufe awa goma sha bakwai da ɗoriya. Daga baya watan ya zagayo ya riske mu a lokacin narkewar ƙanƙara, ana ɗaga karan alkama da la'asar a koma gida a sha ruwa.

To, a nan ne zancen ya zo inda yake yi mini nauyi. Ma'aikatar gona ta Amurka tana fitar da taswira mai raba ƙasar shiyya-shiyya bisa ga mafi tsananin sanyin da ake samu a shekara, kuma da ita masu lambu suke sanin abin da zai rayu a wurinsu. A taswirar 1990 tagwayen biranen suna shiyya ta 4a. A ta 2012 suka koma 4b. A ta 2023 mafi yawansu suka shiga 5a, wato daren da ya fi kowane sanyi a shekara ya sassauta da kamar digiri biyar ko shida. Adalci ne a faɗi cewa wani ɓangare na wannan ya zo daga kyautatuwar awo da kuma ɗumin da birni ke tarawa a gine-ginensa. Amma masana yanayi na jihar sun tabbatar cewa hunturu yana ɗumama fiye da rani, dare kuma fiye da yini, mu ma da muke durƙushe a fangali mun shaida haka kafin a buga taswira. Da na ba wani ɗan ƙanena da ke Sakkwato labari ta waya cewa sanyinmu ya ragu, sai ya ce, "Baba, ai sai godiya, kun huta." Na ce masa, "Ɗana, jikina ya huta, amma lambu bai huta ba." Kuma ban faɗi haka don wasa ba.

Domin abin da ke kashe tafarnuwa a hunturu ba tsananin sanyi ba ne. Saɓawar sanyi ce. Idan babu dusa, rana ta narkar da saman ƙasa da azahar, dare ya sake daskarar da ita, ƙasa takan kumbura ta sauka, ta kumbura ta sauka, har ta tsinke saiwa ta turo ƙwayar waje, iska ta busar da ita. Idan kuma aka yi ruwan sama a tsakiyar Janairu ya kwanta a fangali ya daskare, sai ƙwayar ta shaƙe ta ruɓe. Shekarar 2012 ce ta fara buɗe mana ido. A ranar 17 ga Maris na wannan shekara zafi ya kai kusan digiri 27 a Miniyapolis, a lokacin da aka saba ganin mutane na kamun kifi a kan ƙanƙarar tabki. Itatuwan tuffa suka ruɗu suka yi fure, daskarewar Afrilu ta zo a kan lokacinta ta ƙone furen, har jihar Mishigan ta yi hasarar mafi yawan 'ya'yan itatuwanta. Tafarnuwa ta tsira daga wannan, amma wata musiba ta same ta daga inda ba a tsammani. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai tsalle a kan ganye, wanda iska ke ɗaukowa daga jihohin kudu kowace shekara, yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa tsiro ya yi rawaya. A al'ada yakan iso ne bayan ciyayi da hatsi sun yi kore, ya sami abin ci a ko'ina. A wannan shekara ya iso da wuri, da yawan da ba a saba gani ba, ya tarar tafarnuwa ce mafi kore a fili, ya sauka a kanta. Ganye ya yi rawaya tun Yuni, kawuna suka fito ƙanana, ɓawonsu ya sauya launi, wasu suna wari irin na ruɓa, kuma abin da aka ajiye don iri da yawansa bai tsiro ba a shekara mai zuwa.

Sai an san wani sirri na wannan tsiro kafin a gane girman hasarar. Tafarnuwar da ake nomawa ta daɗe da barin yin ƙwayar iri ta hanyar fure kamar gero ko dawa. Ƙwayar da ake binnewa yanki ce daga jikin uwar, uwar kuma yanki ce daga tata uwar, haka silsilar take tafiya baya ba yankewa, ta yadda kan da ke hannunka a haƙiƙa shi ne dai tsiron da wata tsohuwa ta ƙulle a gefen zanenta ta tsallako teku da shi shekara ɗari da suka wuce. Ba a iya ajiye ta a kwalba shekara goma kamar irin tumatir; dole a binne ta kowace kaka, a tone ta kowane rani, hannu da hannu, idan aka tsallake shekara guda isnadin ya yanke. Saboda haka wanda ya rasa tafarnuwarsa a 2012 ba amfanin shekara kaɗai ya rasa ba. Akwai iyalan da irin kakarsu ya ƙare a wannan rani, kuma babu kantin da za a je a sayo shi.

Daga baya al'amarin bai daidaita ba. A tsakiyar Afrilun 2018 guguwa ta binne fangaloli da dusar da ta kusa santimita 40, lokacin da ya kamata a ce waken Turawa ya tsiro. Hunturun da ya shiga 2024 kuwa shi ne mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a jihar, ƙasa ta kwana tsirara mafi yawan watanni, tafarnuwa ta riƙa leƙowa tun Fabrairu, mu kuma muna ta ƙara mata kara muna roƙon ta koma barci. Daga gabas ana jin labarin sababbin ƙwarin dangin albasa, wani ɗan malam-buɗe-littafi da aka fara gani a Otawa a 1993, da wani ƙuda mai haƙa ganye da ya bayyana a Fensilbeniya a 2015, suna matsowa sannu a hankali. Lalle akwai riba a cikin sauyin, ba zan ɓoye ba: kaka ta yi tsawo, attarugu yana samun nuna, ana dasa itatuwan da a da ba a yi musu tsammanin rayuwa. Amma a ganina ribar ba ta kai hasarar ba, domin abin da aka samu 'yan makonni ne na ɗumi, abin da aka rasa kuwa shi ne yaƙinin da ake gina tadbiri a kansa. Tsananin da aka san lokacin zuwansa da na tafiyarsa ana yi masa tanadi. Sassaucin da ba a san ranar da zai juya ba shi ne ke cin iri. Da maƙwabciyata ta Suwidin tana raye, da alamominta sun saɓa wa juna a hannunta, tabki ya ce shuka, itace ya ce dakata.

Masu lambu dai ba su naɗe hannu ba, kuma tawakkali bai taɓa nufin barin sababi ba. Da yawanmu mun jinkirta binnewa zuwa ƙarshen Oktoba, wani lokaci har farkon Nuwamba, muna duban ɗumin ƙasa da ma'auni maimakon ranar wata. Karan alkamar da a da taimako ne ga dusa, yanzu shi ake dogara da shi, ana kaurara shi, ba a kuma gaggawar janye shi don rana biyu ta yi daɗi a Maris. Ana ɗaga fangali ya fi hanya tudu saboda ruwan hunturu ya sami wurin gudu, wasu kuma suna shimfiɗa wani farin yadi marar nauyi a kan tsiron da zarar an ji ƙwaron nan ya taso daga kudu. Mafi muhimmanci a wurina shi ne abin da ya sauya a mu'amala. A mazhabarmu ta Malikiyya babu zakka a kan kayan lambu, ko da yake Imamu Abu Hanifa ya wajabta ushiri a kan duk abin da ƙasa ta fitar. Amma tun bayan 2012 na ga mutanen da ba su taɓa jin wannan saɓani ba suna fitar da fiye da ushiri daga mafi kyawun irinsu, suna rarraba wa abokai a garuruwa masu nisa da juna, da sharaɗin cewa idan cuta ta ci na wannan, wancan zai mayar masa. Irin da ke fangalina a yau yana kuma girma a lambuna uku ko huɗu da ban taɓa takawa ba, ɗaya a arewa kusa da babban tabkin Sufiriya inda dusa take zama har yanzu, kuma kowace kaka, kafin a binne, mukan tambayi juna yadda na kowa ya fito da kuma ko akwai mai bukata.